Yadda ake karanta kwalbar wiskin gangar sheri kafin a biya kuɗi

Kwalba biyu na iya fitowa daga matata guda, wato gidan tace wiski, a ƙasar Sikotland, shekarunsu ɗaya, dukansu an rubuta musu cewa a gangar sheri, wata giyar inabi ta Sifaniya, suka nuna, amma ɗaya ta yi ƙamshin zabibi da kanumfari, ɗayar ta yi warin ashanar da aka ƙyasta. Bambancin yana cikin gangar, kuma rabin labarin gangar yana rubuce a takardar jikin kwalba ga wanda ya iya karatunta. Mun san yawancin masu karanta Hausa Musulmi ne, giya kuwa haramun ce a addininsu. Wannan bayani na wanda harkar ta shafa ne: mai aiki a otal ko kantin filin jirgi da ake tambayarsa me ke cikin kwalba, mai sayo kaya wa irin waɗannan wurare, da wanda addininsa bai hana shi sha ba.

Abin da doka ta riga ta tabbatar

Dokar wiskin Sikotland ta 2009 ta ɗauke maka wasu tambayoyi. Duk kwalbar da aka rubuta wa single malt Scotch whisky, daga matata ɗaya tak ta fito, kuma da tsiron sha'ir zalla aka yi ta, wato sha'ir da aka jiƙa ya tsira aka busar, kamar yadda masu burkutu ke yi wa dawa. An tace ta a tukunyar tagulla, ta zauna aƙalla shekara 3 a gangar itacen ok wadda ba ta wuce lita 700 ba, a cikin Sikotland, kuma ƙarfinta, wato yawan barasar da ke cikinta, bai gaza kashi 40 cikin 100 ba. Tun 2012 dole a ɗura ta a kwalba a can. In an rubuta shekaru, na mafi ƙanƙanta a cikin haɗin ne. Ban da ruwa, abu ɗaya doka ta yarda a ƙara: launin ƙonannen sukari mai lamba E150a. Riƙe wannan, za mu koma kansa.

Mai ɗuri mai zaman kansa ba shi ya tace wiskin ba. Yana sayen ganga daga matata ko daga dillalai, ya ajiye ta, ran da ya ga ta nuna ya ɗura da sunansa. Tsofaffin gidajen sana'ar su ne Cadenhead's, da aka kafa a Aberdeen a 1842 wanda yanzu yake Campbeltown, da Gordon & MacPhail na garin Elgin tun 1895, da Douglas Laing na Glasgow tun 1948. Signatory Vintage ya zo a 1988. Scotch Malt Whisky Society da ta fara a 1983 ba ta rubuta sunan matata a goshin kwalba, lambobi biyu take sawa: ta farko ta matata, ta biyu ta ganga. Matata kan gauraya ganguna masu yawa don ɗanɗanon bana ya zo daidai da na bara. Mai ɗuri kuwa sau da yawa ganga guda yake juyewa, da kyaunta da aibinta. Shi ya sa kwalbarsa kan fi ta matatar kanta daɗi, shi ya sa kuma takan fi ta muni.

Gangar sheri ba abin da mutane ke zato ba ce

Nan ya kamata a daɗe, don nan kuɗi ke salwanta.

Sheri giyar inabi ce ta kudancin Sifaniya, daga yankin garuruwa uku: Jerez de la Frontera, El Puerto de Santa María da Sanlúcar de Barrameda. Mutane na ɗauka gangar da ta yi shekara arba'in a rumbun Jerez ita ake ɗaukowa a zuba wa wiski. Da wuya hakan ke faruwa. Masu sheri ba sa rabuwa da tsofaffin gangunansu, domin itacen da ya gama gajiya, wanda ba ya ƙara wa giya ɗanɗanon katako, shi suke so. A da can, gangar da ke isa Sikotland ta sufuri ce: a zuba sheri a Sifaniya, a kai Birtaniya a jirgin ruwa, a ɗura a kwalba a can, gangar da ta rage fanko masu wiski su saye ta da araha. A shekarun 1980 Sifaniya ta sa dole a ɗura sheri a gida, wannan hanya ta toshe.

Abin da ake yi yanzu shi ne, a ƙera sabuwar ganga musamman don wiski, a cika ta da ƙaramar sheri, a bari shekara ɗaya zuwa biyu itacen ya sha, a juye. Ruwan da aka juye galibi binega ake yi da shi ko a sake tace shi, ba wanda ke sayensa don sha. Tun 2015 hukumar da ke kula da sunan sheri a Jerez take ba da shaidar irin wannan ganga, da sharaɗin sheri ta gaskiya ta zauna a ciki aƙalla shekara ɗaya. Gangar da aka jiƙa da giyar wani yanki mai kama da sheri ba ta samun shaidar. Wannan ba zamba ba ce, kuma wasu gangunan jiƙon suna ba da wiski mai kyau ƙwarai. Sai dai sabon itace yana da ƙarfi, don haka yawancin abin da ake kira ɗanɗanon sheri, a gaskiya na katako ne.

Saboda haka tambaya ta farko ita ce wane itace. Ok na Turai, wanda ake sarowa a arewacin Sifaniya, yana da bauri irin na goro, yana ba da launi mai duhu da ƙamshin kanumfari, kirfa da busasshen ɓaure. Farin ok na Amurka ya fi laushi, yana kawo banila da kwakwa da zaƙi mai sauƙi. Dukansu ana jiƙa su da sheri, dukansu sunansu gangar sheri. In takardar ba ta faɗa ba, tambayi mai kanti.

Ta biyu, wace sheri. Oloroso ta fi yawa. Ba ta da zaƙi a kanta, iska ce ta nunar da ita, tana ba da ƙamshin soyayyar gyaɗa, zabibi, ɓawon lemu da fatar jima. Pedro Ximénez, da ake taƙaitawa PX, daga inabin da aka shanya a rana ake yinta, kauri gare ta kamar zuma, tana sa wiski ya yi dabino da ɗanko a baki. Fino da manzanilla farare ne marasa nauyi, gangarsu ba ta rina wiski sosai, sai ɗan gishiri-gishiri. Amontillado tana tsakani. A ganinmu PX ce aka fi fakewa da ita, domin zaƙinta yana rufe aibin ɗanyen wiski kamar yadda yaji ke rufe naman da ya kwana.

Ta uku, zubi na nawa. First fill na nufin wannan ne karo na farko da wiski ya shiga gangar bayan sheri. Irinta tana aiki da sauri: shekara 8 zuwa 12 sun isa ta mai da ruwan ja wur, in kuwa ta wuce shekara 20 a ok na Turai tana iya cinye halin matatar gaba ɗaya, ya rage bauri mai busar da harshe. Refill ganga ce da aka taɓa zuba wa wiski aka juye. Ba ta da kwarjini a ido, launinta kamar na zuma ko ma fari-fari, amma ga wiskin shekara 18 zuwa 30 ita ta fi barin ka ji abin da matatar ta tace. Kada ka raina refill.

Ta huɗu, girma. Butt tana cin kusan lita 500, hogshead kusan 250, octave kusan 50. Ƙaramar ganga tana haɗa ruwa kaɗan da itace mai yawa, shi ya sa octave ke rina wiski cikin watanni. Launi yakan zo da wuri, nuna kuwa ba ya zuwa, sai ka ji zafin ɗanyen barasa a ƙarƙashin zaƙin.

Ta biyar, duk rayuwarsa ya yi a ciki ko wankan ƙarshe aka yi masa. Matured in ko fully matured na nufin tun daga farko. Finished in na nufin ya yi shekarunsa a wata ganga, galibi ta babon, wato wiskin Amurka, sannan aka juye shi a ta sheri. Doka ba ta ƙayyade tsawon wannan wankan ba, wata uku ma finish ne, shekara huɗu ma finish ne. Mai ɗuri na kirki yakan rubuta tsawon lokacin. Kalmar sherry cask kaɗai, ba tare da ƙarin bayani ba, ba ta gaya maka ko ɗaya daga cikin abubuwan nan biyar ba.

Yi lissafin kwalabe

Mai ɗuri kan rubuta ranar tacewa, ranar ɗuri, lambar ganga da adadin kwalaben da ta bayar. Adadin nan shi ne mai gaskiya a takardar. Ganga a Sikotland tana asarar kusan kashi 2 cikin 100 a shekara ta hanyar tururi, abin da masu sana'ar ke kira rabon mala'iku. Butt ta lita 500 bayan shekara 12 za ta rage kusan lita 390, wato kwalba 560 ko kusa da haka mai sentilita 70, in ba a tsarma ba. Hogshead mai shekaru iri ɗaya, kwalba kusan 280. In an tsarma butt ɗin daga kashi 58 zuwa 46, adadin zai kai kusan 700.

To, in ka ga an rubuta ganga guda, ƙarfin ganga (wato ba a tsarma da ruwa ba), amma kwalba 900, akwai magana. In ka ga butt ta ba da kwalba 120 kacal, ko dai an raba gangar da wani mai ɗuri, abin da ake yi sosai, ko kuma ta yi yoyo. Gangar da ta yi yoyo iska ta yi mata yawa, ruwanta kan yi katako fiye da shekarunsa. Kwalba 60 zuwa 70 kuwa octave ce ko da ba a faɗa ba.

Ƙarfin ma yana magana. Yawancin matatu suna cika ganga a kashi 63.5, kuma a damshin Sikotland ƙarfin sauka yake yi a hankali. Wiskin shekara 10 a ƙarfin ganga yakan zauna tsakanin 55 da 62, na shekara 25 galibi tsakanin 45 da 55. Ɗan shekara 12 da ya faɗo 47 ba tare da an sa masa ruwa ba, gangarsa ba ta riƙe da kyau ba. Akwai matatun da ke cikawa sama da 63.5, don haka ganin 65 ba laifi ba ne.

Kashi 46 da kake yawan gani ba haka kawai aka zaɓe shi ba. Ƙasa da haka, maiƙon da ke cikin wiski yakan sa ya yi hazo in ya ji sanyi, sai kamfanoni su sanyaya shi zuwa kusan sifili su tace maiƙon. Non chill-filtered na nufin ba a yi masa haka ba. In irin wannan ya yi hazo bayan ka sa ruwa, lafiyarsa lau. Ɗan baƙin gari a gindin kwalba ma gawayin cikin ganga ne.

Launi kuma, mu koma kan E150a. Masu saye sun saba cewa duhu shi ne daraja, farashi ma yana bin duhun. In ba a rubuta natural colour ko no colouring, wato ba rini, ba, launin bai zama hujja ba. Yawancin masu ɗuri masu zaman kansu ba sa rini kuma suna faɗa. Kwalbar da aka yi wa kasuwar Jamus takan tona asiri, don dokarsu ta sa a rubuta mit Farbstoff in an sa launi. Ko launin na gaskiya ne, abin da yake nuna maka shi ne yadda itacen gangar ya yi aiki, bai ce komai kan daɗi ba.

Sunan matata da sunan aro

Ba kowace matata ke yarda a sa sunanta a kwalbar wani ba. Glenfarclas ta yi suna wajen hanawa. Shi ya sa kake ganin Secret Speyside ko An Orkney Distillery, wato sunan yanki maimakon na matata. Waɗannan single malt ne, suna kawai aka ɓoye. Wata dabarar ita ce a ɗiga ɗan wiskin wata matata a gangar kafin a sayar, don doka ta hana kiranta single malt. Burnside Balvenie ce da aka yi wa haka, Wardhead Glenfiddich, Westport Glenmorangie, Williamson kuma Laphroaig. Takardarsu za ta ce blended malt, wato haɗin wiskin matata fiye da ɗaya, kuma bai kamata a biya musu kuɗin asalin sunan ba.

Ba kowane ruwa ke ɗaukar sheri mai ƙarfi ba. Masu nauyi irin su Mortlach, Benrinnes, Dailuaine, Craigellachie, Ben Nevis da Bunnahabhain suna tsayawa da ƙafarsu a first fill. Mai laushi, mai ƙamshin fure, yakan nutse, ka biya kuɗin sunan matata ka sha ganga. Wiski mai ƙamshin hayaƙi na tsibirin Islay da sheri in sun dace ba a magana, in ba su dace ba warin ƙonanniyar roba suke yi, don haka wannan kam a ɗanɗana kafin a saya.

Farar wuta

Babban aibin gangar sheri ke nan. An daɗe ana ƙona kyandir ɗin farar wuta a cikin gangar da aka juye don kada ta yi tsami ko fumfuna kafin ta isa Sikotland. Warin yakan shiga itace ya fito a wiski: ƙyastacciyar ashana, albarushi, roba, in abin ya yi muni ruɓaɓɓen ƙwai. An rage yin haka, amma gangunan da aka riga aka cika suna nan a rumbuna. Ka bambanta shi da ƙamshin romon nama da ake ji a Mortlach da ire-irenta, wanda daga tacewa yake zuwa, domin tururinsu bai goga da tagulla sosai ba, kuma da gangan ake barinsa.

Hancin mutane ya bambanta a nan ƙwarai. Wani ɗigo kaɗan ya ishe shi ya ture kofi, wani ba ya jin komai. In mai kanti ya ce babu, yana iya zama gaskiyar hancinsa ya faɗa. Ɗan albarushi yakan lafa in kwalba ta yi makonni a buɗe. Warin ƙwai ba ya tafiya, ruwa ma ƙara fito da shi yake yi. Sauran alamun gangar da ta lalace su ne tsamin binega da warin ɗakin da ya daɗe a rufe da damshi. Warin jiƙaƙƙen kwali kuwa yawanci daga toshiyar kwalba yake, kanti na kirki zai canza maka.

Gwaji a kofi

Nemi kofi mai faɗin ciki da tsukakken baki, irin Glencairn ko kofin sheri da ake kira copita. Zuba mililita 20 zuwa 30. Bar shi ya huta minti goma, tsoho ya fi haka, masu sha kan ce minti ɗaya ga kowace shekara. Kada ka cusa hanci a ruwan kashi 60, zai kashe maka jin ƙamshi na ɗan lokaci. Shinshina daga nesa da baki a ɗan buɗe. Kurɓi kaɗan yadda yake, sannan ka koma ga ruwa.

Lissafin ruwan mai sauƙi ne: raba ƙarfin da ke kwalba da ƙarfin da kake so, cire ɗaya, ka ninka da abin da ka zuba. Mililita 30 na kashi 60 yana son ruwa mililita 6 ya sauko 50, ko mililita 9 ya sauko 46. Ƙaramin cokalin shayi mililita 5 ne. Amma kada ka zuba gaba ɗaya. Matashin wiskin sheri yana son ruwa, tsohon da ya haura shekara 20 a ok na Turai kuwa yakan watse, zaƙin ya gudu baurin ya rage. Fara da ɗigo uku ko huɗu, ka jira minti biyu. Ruwan ya zama marar warin kulorin, kuma ba na firji ba. Ƙanƙara tana rufe ƙamshi ta fito da bauri.

Abin da kake nema shi ne ko ganga da ruwa sun zama abu ɗaya. A wanda aka yi wa wankan gaggawa, zaƙin dabino ne zai fara zuwa, ya ɗauke nan da nan, ya bar zafi da ɗanɗanon ɗanyen ƙullu. A wanda ya nuna da gaske, ɗanɗanon yana tafiya a jere har bayan an haɗiye. In ka gama, bar kofin fanko ya kwana ka shinshina da safe, farar wutar da ta ɓuya a nan take bayyana.

Ka tuna ƙarfin ganga ba wasa ba ne. Mililita 30 na kashi 60 yana ɗauke da barasa zalla mililita 18, na kashi 40 kuwa 12, wato kofi biyu na farkon daidai yake da uku na biyun. Mai zuba wa baƙi a otal ya rage awo, ya ajiye ruwa kusa.

Ajiya, musamman a ƙasa mai zafi

Wiski ba ya ƙara nuna a kwalba. Ajiye shi a tsaye, domin barasa mai ƙarfi tana cin toshiya in aka kwantar. Wuri mai duhu, zafin digiri 15 zuwa 20 shi ne daidai. Hasken rana yana kashe launi. A inda zafin bazara ke haura digiri 40, ruwan yana kumbura ya tura toshiya, hunturu kuma ya busar da ita ta karye wajen buɗewa, don haka a nemi ɗaki mafi sanyi, can ƙasan kabad, nesa da taga da injin wuta. Kada a jefar da toshiyar kwalbar da ta ƙare, ranar da wata ta karye za ta yi amfani. In toshiya ta faɗa ciki, tace ruwan da kyalle mai tsabta a wata kwalbar. Kwalbar da aka buɗe tana riƙe kanta shekara ɗaya ko fiye in ta fi rabi. In ta sauko kashi ɗaya cikin uku, juye ta a ƙaramar kwalbar gilashi mai murfi mai kyau don rage iska.

Kafin a biya, duba wuyan kwalba. Ruwan da ya sauka ƙasa da kafaɗa a kwalbar da ba a buɗe ba yana nufin toshiya ta saki. Murfin da ke juyawa sakwaf, ko alamar gam a kansa, yana iya nufin an sake cika ta, jabun giya kuwa kan zo da sinadarin metanol mai makantarwa har ya kashe. Kwalbar ganga guda ta fi sauƙin tantancewa: ɗauki lambar ganga, shekarar tacewa, ƙarfi da adadin kwalabe, ka gwada su da abin da ke shafin mai ɗurin ko rumbun bayanai na Whiskybase. In ƙarfin da ke takardar ya saɓa ko da rabin kashi ne, a mayar wa mai kanti da ita.